Rumbun da Na Zare Kafin Ya Gama

Dogo Nini, Potiskum
Laraba, sha biyu ga watan Sha'aban

Zuwa ga Hajiya Maryamu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci matar da ta zauna da ni shekara arba'in da ɗaya, ina sanar da ke cewa ina nan a gidan da kika bar ni, a kan kujerar da kika bar ni. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ban damu ba. Na yi aikin gwamnati, na saba rubuta takardar da ba ta samun kowa.

Ina da ƙorafi a kanki, kuma ya daɗe. Shekara tara ke nan ina riƙe da shi, shida kina raye, uku kina kabari. Ƙorafin shi ne kin hana ni koyon abu guda ɗaya ƙarami: yadda makaho zai cire ma'ajiya daga jikin kwamfuta ba tare da ya lalata abin da ke cikinta ba. Wata biyu da suka wuce na cire ta yadda na ga dama, ko in ce yadda ban gani ba, kuma duk abin da muka yi ni da ke yana ciki.

'Yarmu Bilki ta shigar da ni wani zaure na makafi a waya, ta ce in riƙa rubutu a can ko zuciyata ta yi sauƙi. A can zan saka wannan. Saboda haka ki yi haƙuri in na faɗa miki abin da kin riga kin sani. Akwai masu saurare a bayanmu.

Kin san shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin dabbobi. Ranar kasuwa ina kara tun kafin a fara sauke shanu daga manyan motoci, sauran ranaku ina kan babur daga wannan ruga zuwa waccan. Abokan aikina suna yin allura su juya. Ni sai in zauna in sha nono, in fito da littafi. Ina rubuta sunan cuta yadda Bafulatani ke kiranta, da yadda Babarbare ke kiranta, da Bangizime, da Bakarkare. Sammore, kirci, harbin daji, ciwon huhu. Ina rubuta abin da suka jiƙa suka ba saniya, ɓawon maɗaci ne ko saiwar wani abu da sai an kai ni gindinsa na gani. Sannan in koma bayan sati biyu ko wata guda in rubuta abin da babu wanda ke rubutawa: saniyar ta tashi ko ta mutu.

Littafi ashirin da uku. Tsofaffin da suka gaya mini abin da ke ciki, babu ko ɗaya a raye.

Na ce in na yi ritaya zan mai da su littafi guda, da Hausa, wanda ɗan makiyayi da ya yi firamare zai iya karantawa. Na yi ritaya, hawan jinin ido ya biyo ni gida. Ya fara da gefe-gefe, kamar ana matso da bango, har ranar da na tambaye ki ko hadari ne ya taso alhali rana tana haske tarwai.

Bilki ce ta kawo kwamfutar daga Kano, mai murya a ciki da ke karanta wa makaho duk abin da ke kan allo. Kika sa mata suna Baturiya. Bugu bai ba ni wahala ba, domin tun a makaranta na koyi tafireta da yatsa goma, lokacin da ake koyar da abu har ya zauna. Abin da ya rage shi ne littattafan, da rubutun hannuna ne kuma Baturiya ba ta ganin takarda. Sai kika ce ke za ki karanta.

Shekara huɗu kika yi kina karantawa. Da hantsi, bayan kin ɗora sanwa, ki shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, ki kunna ƙaramar rikoda, ki ɗauko littafi. Shafi biyar, wata rana goma, wata rana ɗaya in baƙi sun zo. Ni kuma in saurara in buga. Kina cewa rubutuna kamar kiyashi ya faɗa tawada ya fito yana neman hanyar gida.

Duk abin da kika karanta da duk abin da na buga muna zuba shi a wata ma'ajiya mai girman tafin hannu da ake haɗawa da kwamfuta da 'yar igiya. Kika sa mata suna rumbu. Rikodar kuwa da an zuba sai a share ta don karatun gobe. A cikin kwamfutar kanta ba na barin komai, tun ranar da muka kai ta gyara aka wanke ta tas ba a tambaye mu ba. Da damina ta yi mana ɓarna rufin ɗakin baya ya zuba, gara ta shiga akwatin littattafan ta mai da su ƙasa, na zauna na kasa cin abinci. Kika ce, "Ci tuwonka, Likita. Ai an riga an yi girbi, suna cikin rumbu."

To ga inda ƙorafina yake. Rumbun nan ba a zare shi haka kawai. Sai an gaya wa kwamfuta ta sake shi, ta gama abin da take rubutawa a ciki. Masu ido suna yin haka da linzamin kwamfuta: akwai wata 'yar alama a kusurwar allo, kin ce ba ta fi ƙwayar riɗi ba, sai a danna ta, sannan a dubi 'yar fitilar da ke jikin rumbun har ta daina kiftawa. Alama ƙarama da fitila. Wanda ya ƙera abin bai taɓa zama kusa da makaho ba.

Kullum in na gama aiki sai in kira ki. Ki zo kina goge hannu da zane, ki sunkuya ta kan kafaɗata, in ji ƙanshin daddawa ko hayaƙi, in ji ɗan ƙas na linzami. Ki tsaya duban fitilar. Sannan ki ce, "Ta daina kiftawa, zare."

Sau ɗaya na nemi in koya. Bilki ta zo hutun sallah, na ce mata ba zai yiwu a ce babu hanyar yin wannan da maɓallai ba. Ta ce akwai, ta taɓa ji, bari ta bincika mini. Kina daga bakin murhu kika ɗaga murya. Ban manta ko kalma ɗaya ba: "Bar shi, Bilki. Ya koyi aske, ya koyi hanyar masallaci, ya koyi zuba shayi. In ya koyi wannan ma, me zai ƙara kira na in yi? Ina nan ai."

Bilki ta yi dariya, maganar ta wuce. Kin ce kina nan, Hajiya. Ba ki da ikon faɗin haka, kuma kin fi ni sani, domin kin fi ni zuwa islamiyya.

Bayan an yi sadakar arba'in ɗinki kowa ya watse, na zauna gaban kwamfuta na yi aiki, na gama, na buɗe baki zan kira. Ban kira ba. Na daɗe zaune da igiyar a hannuna. Girman kai ya hana ni buga wa Bilki waya in ce ubanta, wanda ya yi kwas har biyu a Zariya, bai san yadda ake zare igiya ba. Sai na ƙirƙiro tawa dabarar. Rumbun yana da wani abu mai juyawa a cikinsa, in yana aiki za ka ji yana ɗan kaɗawa da ƙananan ƙas-ƙas. Sai in ɗora tafin hannuna a kansa, yadda nake ɗorawa a haƙarƙarin saniya in ji tumbinta na motsi ko ya tsaya. In na ji ya lafa, sai in zare. Shekara uku ina haka, babu abin da ya faru. Har na fara yabon kaina.

A farkon bana rumbun ya fara wani sauti da ban sani ba, kamar ana taunar tsakuwa. Na gaya wa Bilki, ta ce alamar tsufa ce, in yi sauri in kwashe komai. Ta aiko mini da filas ta hannun direba, ɗan abu kamar guntun alli, babu igiya, babu motsi, babu sauti. Ta ce in jira ta zo ƙarshen wata ta yi mini. Ban jira ba.

Ranar Litinin ce, bayan azahar, aka kawo wuta. Kin san batirin kwamfutar ya mutu tun kina raye, sai da wuta take aiki. Na haɗa rumbu, na haɗa filas. A nan na yi kuskuren farko. Akwai kwafa, wato abu ya zama biyu, ɗaya a can ɗaya a nan. Akwai kuma ɗauka gaba ɗaya, a cire daga can a kai nan. Ni tun farko ba na son abu biyu masu suna ɗaya, domin mai ido zai duba ya gane wanne ne wanne, ni kuwa sai in ji suna ɗaya sau biyu in rasa wanda na gyara jiya. Saboda haka hannuna ya saba da ɗauka. Na zaɓi komai, na ɗauka, na sauke a filas.

Baturiya ta fara ƙirga mini yadda aikin ke tafiya, kashi kaza, kashi kaza, babu numfashi. Ta ishe ni. Na rage muryarta har ƙasa. Kuskure na biyu ke nan.

Sai maƙwabtanmu suka tayar da injin niƙa. Kin san yadda yake, bango ɗaya ne tsakaninmu, teburin nan har rawa yake yi. Na ɗora hannu a kan rumbu ina jira, amma komai na kaɗawa, tebur, kujera, ƙashin hannuna. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Aka kira la'asar. Malam Garba, wanda ke biyo mini mu tafi masallaci, ya yi sallama a zaure, ya ƙara, ya ce Likita za a tayar fa. A daidai nan injin ya mutu. Duniya ta yi tsit. Hannuna, da ya sha girgiza har ya yi sanyi, ya gaya mini rumbu ya lafa. Na taɓa filas, shi dama ba ya cewa komai.

Da ma in bar su a haɗe in tafi. Amma dokarki ce, tun ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi ta ƙona mana firji: ba a fita a bar komai a jikin soket. Na bi dokarki. Na zare filas, na zare rumbu, na zare kwamfuta daga bango, na ɗauki sandata. Na yi sallah da natsuwa, har na tsaya gaisawa da mutane a ƙofar masallaci.

Washegari na haɗa filas, Baturiya ta ce ba ta gane abin da aka haɗa mata ba. Na haɗa rumbu, ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru. Na cire na mayar ya fi sau ashirin.

Malam Garba ya sa ni a keke mai ƙafa uku muka je wajen Bukar mai gyaran kwamfuta a bakin tasha, mutumin kirki, mai Hausar Barebari. Ya riƙe rumbu da filas kwana huɗu. Da na koma ya ba ni kujera, ya aika a kawo mini ruwa, tun daga nan na gane. Ya ce na zare su suna tsakiyar aiki. Rumbu dama yana kan gargara, zarewar ta ƙarasa shi. Filas kuma, ya ce akwai wani jeri a cikinsa da ke nuna inda kowane abu yake, to ana cikin rubuta jerin na fizge. Na ce masa in na fahimta, kamar a ce shanu suna cikin kara amma an goge shaidar da ke jikin kowace, babu mai iya cewa wannan tawa ce. Ya ce, "Haka ne, Baba, sai dai naka shanun ma an yanka wasu an gauraya naman."

Ya ceto abu goma sha huɗu lafiya lau, babu ko ɗigo da ya ɓata. Kin san mene ne? Takardun da na rubuta wa ma'aikata ina neman a taimaka a buga littafin. Goma sha huɗu, babu wadda aka amsa. Su ne suka tsira. Na yi dariya a shagon nan har Bukar ya tsorata.

Ya ce akwai masu manyan na'urori a Kano, ko za a dace. Bilki ta zo ta tafi da rumbu da filas can. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Kada ki ce in rubuta wa wani ya taimaka. Wa? Yaran da ke ofishinmu yanzu, in saniya ta kwanta sai su ɗauki hotonta a waya su tura wa wani. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa zuwa gaishe ni, na fara ba shi labarin littafin, na ji yatsansa na tafiya a kan waya, ya ce ai Baba duk waɗannan abubuwan yanzu suna intanet. Ban musa ba. Ranar da muke dawowa daga wajen Bukar, ina tsaye bakin titi Malam Garba na tsayar da keke, wani ya kama hannuna ya danƙa mini sadaka ya ce in yi masa addu'a. Daga muryarsa na gane shi. Ni na ceto garken ubansa shekarar da ciwon huhu ya shigo ta Danchuwa, garinku. Na yi masa addu'ar. Me zan ce?

A zauren nan na makafi na ba da labarin a gajarce, ina jin kunya. Wata Malama Asabe, makauniya tun haihuwa, mai koyar da kwamfuta a wata makaranta, ta nemi lambata ta kira ni. Ta ce in zauna gaban kwamfuta in haɗa kowane filas. Na haɗa shayi kafin ta kira. Da muka gama bai huce ba.

Bari in koya miki, tunda ke kika hana a koya mini.

Da farko a rufe duk abin da aka buɗe daga cikin ma'ajiyar, rubutu ne ko sauti. A layin ƙasa na maɓallai, ta hagu, akwai wanda masu ido suka ce da hoton taga a kansa. A danne shi a taɓa harafin B. Wannan zai kai mutum kusurwar nan da kike zuwa da linzami. A bi da maɓallan kibiya ana saurare, in muryar ta ce akwai ɓoyayyun alamomi a buɗe su da babban maɓallin da ake kira enta, har a ji ta ambaci cire na'ura lafiya. A danna enta, a saurari sunan ma'ajiyar da ake so a cire, a sake danna enta. Sannan a ɗauke hannu a jira. Muryar da kanta za ta ce yanzu babu laifi a zare. In ta ce ana amfani da abin, to akwai abin da ba a rufe ba, a koma a rufe a sake.

Na ce wa Malama Asabe in duk wannan ya ƙi fa? Ta ce, "Sai ka kashe kwamfutar yadda ake kashe ta, Baba, ka jira ta mutu gaba ɗaya, ka zare abinka." Wannan na iya shi tun shekara tara da suka wuce. Kullum ina yin sa, sai dai bayan na zare.

Ta ƙara da abu uku, ta sa na maimaita kamar ɗan aji ɗaya. Kada makaho ya rage muryar kwamfuta alhali tana aiki, domin daidai yake da mai ido ya rufe allo da zane. Kada ya ɗauke abu mai muhimmanci daga wuri, ya kwafa, ya saurara ya tabbata ya isa, in sunaye ne ke ruɗa shi ya sa wa kowace jaka kwanan wata. Kuma abin da ba shi da na biyu a duniya, kada ya kwana a wuri ɗaya. Ta ce hannu ba ya jin filas, kuma ko rumbu mai juyawa yana iya lafawa alhali bai gama ba. Wato shekara ukun da na yi ina yabon dabarata, sa'a ce kawai.

Yanzu na iya. Ina haɗa filas ɗin da babu komai a ciki, in bi matakan, in ji ta ce babu laifi a zare, in zare. In sake haɗawa. Wata rana sau goma. Na ƙware sosai.

To na faɗi ƙorafina, kuma da na ji Baturiya ta karanta mini shi da bakinta mai karya Hausa, sai na ji bai tsaya da ƙafarsa ba. Gaskiya ita ce, Mairo, ni ma ban so in koya ba. Na tambaya sau ɗaya, da kika hana na ji daɗi. Da ina so, da na sake tambayar Bilki a waya washegari, ba ki sani ba. Akwai ranakun da na gama aiki tun da daɗewa, in zauna in jira sai na ji kin fara daka ko kin shiga wanki, sannan in kira, don in ji kina mita kina tahowa. Akwai ranakun da ban ma buɗe rumbun ba, na haɗa shi ne kawai don a zo a cire mini. Ina jin kin sani. Shi ya sa kike daɗewa a kan kafaɗata fiye da yadda fitila ke bukata.

Littafin ma, in zan faɗi gaskiya, tun da kika tafi ban ƙara babi ko ɗaya ba. Ina ce wa Bilki ina aiki. Abin da nake yi shi ne in sa abin ji a kunne in kunna ki.

Ba karatu kaɗai ke ciki ba. Akwai tarinki. Akwai inda kike tsayawa ki kori kaji daga kan tabarma. Akwai "dakata in duba tuwo", sai rikoda ta yi ta ɗaukar iska da kukan kurciya har ki dawo. Akwai inda kike karya kalmomin Fulatanci kina dariya, da inda kike gyara mini Ngizimanci, ki ce shekara kusan arba'in ina auren 'yar Danchuwa amma har yanzu ina rubuta yarenku kamar mai tsoron a kama shi. Akwai ranar da ruwa ya sauko kika ruga da littafin cikin ɗaki, sautin kwano ya rufe muryarki, amma ba ki daina karantawa ba.

Akwai wuri guda a littafi na tara da na fi komawa. Kin karanta kwanan watan. Sannan kika karanta abin da na rubuta: wata jar saniya a wata ruga ta kasa haihuwa, na juya maraƙin da hannu, ya fito da rai, uwar ta tashi. Shafi ɗaya da rabi. Kika ajiye littafin, na ji ƙararsa a kan tabarma. Kika ce, "Ranar nan fa na haihu, Likita. Ka rubuta maraƙi, ba ka rubuta Bilki ba." Na ji muryata daga nesa ina cewa ai littafin aiki ne. Kika ce to, Allah Ya raya maraƙin. Kika ci gaba.

Ban ba ki haƙuri ba ranar. Na saurari wurin nan ya fi sau ɗari bayan kin tafi, kullum ina jiran mutumin nan ya ba ki haƙuri, kullum sai ya ce littafin aiki ne. Ki yi haƙuri, Mairo.

Na gwada in sake rubuta littafin daga ka. Sunayen cututtuka suna nan, wasu itatuwan ma suna nan. Amma wane tsoho ne ya faɗa, a wace ruga, nawa aka jiƙa, saniyar ta tashi ko ba ta tashi ba, duk sun gauraye. In na rubuta a haka zan iya sa wani ya kashe dabbarsa da hannunsa. Na share abin da na fara.

Abin da ya fi ba ni tsoro ban gaya wa kowa ba. Fuskarki ta daɗe da tafiya, wannan na haƙura tun kina raye. Yanzu muryar ce. Kalmominki suna nan, ina iya jero su kamar yadda na jero a takardar nan. Amma in na nemi sautin, yadda kike jan ƙarshen magana, yadda kike cewa Likita in kina fushi da yadda kike cewa in ba kya fushi, sai in ji yana nisa kullum, kamar motar da ta wuce ta nufi Damaturu. Wata biyu kacal. Ban san abin da zai rage ba in an shekara.

Allah Ya jiƙan ki, Mairo. Ya yafe miki abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, ni dai na yafe, har da wannan da na zo da shi. Allah Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi, Ya saka miki da kowane shafi da kika karanta wa makaho alhali tuwonki na kan wuta. Tsofaffin da suka ba ni iliminsu suka yarda zan riƙe, Allah Ya jiƙan su, Ya sa su yafe mini. Masu saurarenmu kuma, Allah Ya sa su koya tun mai duba musu fitila yana raye. In lokacina ya yi, Allah Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu inda ba a bukatar sanda.

Naki har kullum,
Likita

Ɗazu da hantsi direban Kano ya kawo ambulan daga Bilki, shi ya sa na zauna rubutun nan. Rumbu da filas ne a ciki, an naɗe su a takarda. Ta kira ta ce masu na'urorin sun gwada sati biyar, ba su sami komai ba. Ta duba wayoyinta da na 'yan uwanki, babu wanda ya taɓa ɗaukar maganarki. Littafi ashirin da uku, babi goma sha ɗaya da na buga, da shekara huɗu na muryarki. Babu sauran ko ɗaya.